Ganyen da Fidelia ta Share

Akwai wani mutum a ƙauyenmu na bakin kogi, a cikin dajin Petén, ana ce masa Demetrio Choc. Ba malalaci ba ne, ba kuma mashayi ba ne, kada na ɗauki alhakinsa. Abu ɗaya ne Allah bai ba shi ba, shi ne jira. Ko gurasar masara matarsa Petrona ta ɗora a kasko, sai ya fizge ta tun ba ta gama gasuwa ba, yana hura yatsu yana cewa cikinsa zai ƙarasa aikin.

'Yarsa ɗaya ce a duniya, Fidelia, mai shekara goma sha huɗu. Sun binne biyu kafin ita, bayanta kuma shiru. Shi ya sa ko tari Fidelia ta yi a ɗaki, Demetrio yana gona ma sai ya ce ya ji a jikinsa.

Mai maganin ƙauyenmu kuwa yayan mahaifiyarsa ne, wani siririn tsoho da kowa yake kira Kawu Bartolo. An fi saninsa da maganin gyambon 'yan danko, wato ciwon nan da ɗan ƙudan kurmi yake sa wa masu shiga tsagar itacen danko. Yakan fara kamar ƙurji a gefen kunne, ba zafi ba raɗaɗi, daga nan ya buɗe baki ya kama cin nama a hankali. Ƙauyukan da ba su da irin Kawu, za ka ga tsofaffinsu da guntun kunne.

Maganin wani ganye ne mai yaɗo, samansa kore, cikinsa ja. Kawu yana kiransa mai jan ciki. Wuri uku kawai yake fitowa a duk dajin da ƙafarmu take kaiwa: gindin wani rimi da ya faɗi, da idon ruwan da ke bayan tuddan mutanen da, sai bakin wani kogon dutse, tafiyar rabin yini daga ƙauye.

Ba a kuma tsinkarsa da garaje. Sai Kawu ya cire hula, ya kunna turaren ƙaro, ya gaida Mai Dutse da Kwari, ya faɗi sunan mai ciwon, ya ce roƙo ya kawo shi. Sannan ya tsinki ganye tara, ɗaya nan ɗaya can, ya naɗe a ganyen ayaba. Uku ake matsewa a kan gyambon kowace safiya har kwana tara. Ganyen ba ya wuce kwana uku da ransa, don haka kowane mai ciwo sawu uku yake ci wa tsohon. Saiwa kuwa ko da farce ba a taɓa ta.

Lokacin da Demetrio yake saurayi, Kawu ya so ya gadar masa da sanin. Ya kai shi wuraren nan uku da ƙafarsa. A bakin kogo aka rabu.

“Kawu, rabin yini muna tafiya, ƙaya ta gama da ƙafata, wai ganye tara za mu ɗauka mu juya? Ga shi nan shimfiɗe har ina taka shi!”

“Tara mai ciwon yake buƙata. In sun ƙare mu dawo.”

“Mu sake dawowa? Ai sai mai ciwon ya tashi, mu kuma mu kwanta.”

Daga ranar bai sake bin tsohon ba. Amma hanya kam ya riƙe ta a kansa.

Bayan shekara kusan ashirin, wani rani, sai ga wani ɗan birni mai jar mota ya fara zuwa kasuwar bakin kogi yana sayen saiwoyi da ɓawon itace. Ba ya son ganye, ya ce ganye ruɓewa yake yi a hanya. Da labarin mai jan ciki ya shiga kunnensa, ya ja Demetrio gefe.

“Abokina, in ganyen yana da ƙarfi haka, ina kuma ga saiwar? Tsofaffinku ɓoye muku suke yi. Kawo mini ita buhu-buhu, ka ga abin da zan damƙa maka.”

A lokacin bikin waliyyin ƙauye ya ƙarato. Tun Fidelia tana jaririya aka huda mata kunne, amma har ta girma zare ne a ciki don kada hudar ta toshe. Ba ta taɓa buɗe baki ta roƙi 'yan kunne ba. Sai dai Demetrio ya lura, duk sanda wata ƙawarta ta wuce da na zinariya suna lilo, hannun Fidelia yakan tafi kunnenta ba tare da ta sani ba. Wannan abin ya daɗe yana cin ransa.

Ya ɗauki diga da adda da buhuna. Kwana uku ya yi yana aiki, kowane wuri yini guda. Bai cire hula ba, bai kunna turare ba, bai gaida kowa ba. Da yake ba ya so a riske shi a daji, bai tsaya gyara ba, duk da yaɗon da ganyen ya cusa a buhu ya ɗauko da igiyar goshi. A bayan madafa ya zauna ya yanke saiwoyin, ya bar ganyen tuli guda.

Petrona ta leƙo, ta duba tulin, ta duba mijinta.

“Baban Fidelia, wannan ba na Kawu ba ne?”

“Kawu ne ya shuka? Koma ki duba wakenki kada ya kama.”

Ya ƙwala wa 'yarsa kira ya ce ta zo ta share tarkacen. Ta zo da tsintsiya, ta ɗaga ganye ɗaya tana juyawa a rana.

“Baba, dubi cikinsa ja wur. Ganyen nan kyau gare shi.”

“Ba a cin kyau, 'yar Baba. Kwashe ki zuba wa aladu.”

Kwando uku ta cika. Aladun ma shinshinawa suka yi suka tattake shi a cikin taɓo.

Bayan mako guda Kawu Bartolo ya zo gidan da hantsi, Fidelia tana bakin kogi wanki. Petrona ta kawo masa kujera da ƙoƙon koko mai zafi. Tsohon bai zauna ba, bai kuma karɓi ƙoƙon ba. A wurinmu wannan ya fi zagi ciwo.

“Ɗan ƙanwata, na je gaida su, na tarar da ramuka.”

“Haba Kawu, daji ne fa. Damina ɗaya ta zuba ya cika fal.”

“Wanda ya koya mini ya ce kakansa a haka ya tarar da na bakin kogon. Kai damina ɗaya ka ba shi?”

“Ni dai ban ga sunan kowa a rubuce a jikin dutsen ba. Kuma zamani ya wuce hura wa ciyawa hayaki.”

Kawu ya daɗe yana kallonsa, sannan ya ce, “Akwai mutum a gidana, daga ƙauyen gangare. Kwana biyu ya yi a kwalekwale, gyambon ya ci masa gefen kunne. Me zan ce masa?”

“Ka ce masa ya sa hula.”

Na so a ce bai faɗi wannan maganar ba. Amma ya faɗa, da ƙarfi kuma, har maƙwabta sun ji ta bayan shinge. Tsohon ya juya ya tafi yana dogara sandarsa.

Ranar biki Fidelia ta fito da 'yan kunne na zinariya, masu ƙananan furanni a jiki. Ana kiɗan marimba tana rawa cikin 'yan mata, da gangan take girgiza kai don su yi lilo. Demetrio ya tsaya a inuwar coci yana kallonta, bakinsa ya ƙi rufuwa. Gaskiya a faɗe ta, ranar babu uban da ya kai shi farin ciki a ƙauyen.

Damina ta sauka. Fidelia ta riƙa bin uwarta bakin kurmi itace kamar yadda ta saba. Wata safiya Petrona tana taje mata kai, sai ta ga ɗan ƙurji a gefen kunnen dama.

“Yana miki zafi?”

“Ko kaɗan, Inna. Sauro ne.”

Da aka yi mako biyu ƙurjin ya buɗe, gefensa ya yi tudu, tsakiyarsa ja. Petrona ta kira mijinta waje, ta ce ya je ya duba da idonsa. Ya duba, ya dawo yana cewa sauro ne mana, amma gurasar da aka ajiye masa har ta sandare bai taɓa ta ba.

An matsa lemun tsami. An ɗaura ganyen taba. An shafa toka da man alade. Gyambon bai ko lura ba.

Demetrio ya ɗauke ta a kwalekwale, daga nan suka hau motar kaya zuwa asibitin gari. Malamar jinya ta duba, ta faɗi sunan ciwon da yaren asibiti, ta rubuta sunan Fidelia a ƙasan wasu sunaye masu yawa. Ta ce allurar wannan ciwon daga babban birni take zuwa, kuma tun kafin damina suke jira.

“Yaushe za ta zo, malama?”

“Da na sani da na faɗa maka. Za mu aiko muku da zarar ta iso.” Ta rage murya. “Ba ku ne masu tsohon nan ba? Ka kai ta wurinsa kafin nan. Na ga kunnuwan da ya tsayar.”

Demetrio ya zaunar da Fidelia a inuwa ya saya mata ruwan lemo, ya ce yanzu zai dawo. Ya shiga kasuwa yana tambaya har ya samu rumfar mai jar mota. Mutumin da ƙyar ya gane shi.

“Saiwar nan da na kawo maka da rani, akwai saura? Ko guntu ne.”

“Wace daga ciki? Ai duk niƙa su nake yi tare.” Ya nuna wasu ƙananan ƙulli a tebur. “Ga su nan, maganin ciwon baya. Guda nawa za a ba ka?”

Demetrio ya tsaya yana kallon garin nan mai launin ƙasa. Ashe mutumin bai ma riƙe abin da ganyen yake yi ba.

Kwana biyu ya yi yana kewaya gidan Kawu Bartolo. Sai ya kai bakin shinge ya juya kamar ya manta wani abu. A rana ta uku Petrona ta tare ƙofa.

“Ko ka je, ko ni na je na durƙusa na faɗi abin da na gani a bayan madafa. Kunnen 'yata ba zai jira girman kanka ba.”

Ya je, yana riƙe da Fidelia. Ya shirya wa faɗa, ya shirya wa gori, har ya shirya a ce masa ya saya mata hula. Kawu bai yi ko ɗaya ba. Ya ɗaga gashin yarinyar a hankali, ya duba, ya riƙe wuyan hannunta yana sauraren bugun jini, ya tambaye ta ko tana cin abinci. Sannan ya ce ta koma gida ta gaida Innarta.

Da ta fita Demetrio ya fito da ƙulli ɗaya na garin da ya sayo.

“Kawu, ko wannan zai yi wani abu? Da saiwar a ciki.”

“Saiwar ba ta da magani, ɗan ƙanwata. Ko ɗigo. Aikinta ta riƙe ganyen.” Ya miƙa hannu ya ɗauki hularsa da sanda. “Tashi mu je mu duba abin da ka bari.”

A gindin rimi ramuka ne cike da ruwan sama, sauro yana yawo a kai. A idon ruwa wata ciyawa mai ƙaya ta rufe wurin gaba ɗaya. Demetrio ya shiga da hannu yana tonawa har yatsunsa suka yi jini, bai ga komai ba. Tsohon yana tafe yana hutawa, numfashinsa yana ƙara.

Washegari suka kama hanyar kogo. Rana ta take tsaka kafin su isa. Demetrio ya bi ramukan ɗaya bayan ɗaya da rarrafe. A can ƙarshe, a tsagar dutse inda digarsa ta karya wata saiwa ta kasa ciro ta, sai ga ɗan tsiro bai kai yatsa ba, da ganye biyu. Ya juya ɗaya ya ga ja.

Ya kai hannu zai tsinka, sandar Kawu ta sauka a bayan hannunsa, kai ka ce ba tsoho ba ne.

“Kawu, 'yata ce fa!”

“Jikata ce nima. Ganye nawa ake matsawa da safe?”

“Uku.”

“Kwana nawa?”

Demetrio ya janye hannunsa.

“Biyun nan ko safiya ɗaya ba su kai ba. Ka tsinke su, shi ya mutu, gyambon kuma ya ci gaba da aikinsa. Daga nan ba ita kaɗai ba, duk wanda ƙudan ya ciza nan gaba ya shiga uku.”

“To yaya zan yi?”

“Jira za ka yi.”

“Har yaushe?”

“Shi za ka tambaya, ba ni ba.”

Tsohon ya kunna turare ya miƙa masa. Demetrio ya cire hula, ya durƙusa, sai ya tarar bai san ko kalma ɗaya ta gaisuwar ba, ga shi da kunnensa ya ji ta sau da yawa yana saurayi. Kawu ya ce ya bar neman kalmomi, ya faɗi abin da ya yi kawai. Ya faɗa a gaban tsiron da zai iya rufewa da tafin hannu.

Daga ranar Demetrio ya zama mai gadin ganye. Ya kewaye tsagar dutsen da ƙaya saboda aladen daji. Ya kafa 'yar bukka a bakin kogo, ya rataya ragar kwanciya, yakan yi kwana huɗu a can ya dawo gida kwana biyu. Gonarsa ciyawa ta cinye, bai waiwaya ba. Tsakanin haka ya bi duk wani kwari da tudu da ya sani, ya tambayi 'yan danko da mafarauta har na ƙauyukan nesa. Kowa sai ya ce, ai wannan ganyen wurin tsohonku ake samu.

Ganye na uku ya ɗauki kwana goma kafin ya buɗe. Mutumin da ba ya iya jiran gurasa ta gasu, shi ne yake kwanciya rubda ciki yana kallon toho, ko zai kama shi yana motsi. Wani lokaci ya roƙe shi, wani lokaci ya zage shi, sannan ya tuna ya ba shi haƙuri.

Duk dawowarsa gida kuma sai ya tarar gyambon ya ci gaba. Ya cinye saman kunnen, ya gangaro tsakiya. Petrona tana wanke shi da ruwan ɗumi safe da yamma, tana kawar da kai kada yarinyar ta ga fuskarta. Fidelia ta daina zuwa makaranta, ta daina zuwa wanki da ƙawayenta. Ranar Lahadi takan ja mayafi ta rufe gefen kanta, ta zauna a bencin ƙarshe. Duk sanda Demetrio ya ga mayafin nan sai maganar hula ta dawo masa.

Sau biyu ya koma asibitin gari. Sau biyu malamar ta girgiza kai tun daga nesa.

A wata na biyu wasu tsiro uku suka fito daga guntayen saiwa, na farkon kuma ya fara yaɗo. Ya ƙirga ganye goma sha tara, ya taho gida da gudu-gudu ya faɗa wa Petrona an kusa. Da ya koma bayan kwana biyu, ya tarar da tururuwa masu yankan ganye sun yi layi daga tsagar dutsen zuwa raminsu, kowace ɗauke da ɗan guntun ja a ka. Ganye shida suka bar masa.

Ya tattake su, ya zuba musu toka, ya yi ihu har birai suka amsa daga saman itatuwa. Da ƙarfinsa ya ƙare ya zauna a ƙasa ya yi kuka irin na yara. Babu wanda zai kai ƙara, don tururuwan ba su yi abin da bai yi ba.

Ranar da ya koma gida Fidelia tana zaune a bakin ƙofa tana ɓare masara.

“Baba, ganyen ya ƙaru?”

“Yana ƙaruwa, 'yar Baba.”

“An ce wani ne ya je ya tone duka. Gaskiya ne?”

Petrona tana madafa, hannunta ya tsaya a kan dutsen niƙa.

Demetrio ya ce, “Haka aka ce.”

“Shi ba shi da 'ya'ya ne?”

Demetrio ya miƙe. Ya ce bari ya je ya duba aladu.

Sai a wata na huɗu Kawu Bartolo ya sake takawa zuwa kogon, ana riƙe da shi a wuraren hawa. Ya zagaya tsiron nan huɗu, ya ƙirga da sandarsa, ya ce yanzu za su iya bayarwa ba su mutu ba. Ya kunna turare, ya faɗi sunan Fidelia, ya ce wa Demetrio ya tsinka da hannunsa. Tara ya tsinka, ɗaya nan ɗaya can, bai ƙara ko rabi ba.

Safiyar farko tsohon ya buɗe ƙunshin ayaba a tsakar gida. Fidelia ta kalli ganyen ta daɗe, ta kalli ubanta. Ta karkata kai aka matsa mata ruwan. Yana da zafi sosai, ta cije mayafinta, ba ta yi kuka ba.

Sawu uku Demetrio ya yi, kwana tara suka cika. Gyambon ya daina ruwa, bakinsa ya fara haɗuwa. A satin ne kuma aka aiko daga asibiti cewa allura ta iso. Kawu da kansa ya ce a kai ta a yi mata, kada a bar ko ɓurɓushin ciwon. Aka kai ta, ta warke sarai.

Amma abin da gyambon ya ci ya ci. A gefen dama ɗan guntun nama ne ya rage, a murɗe. Wurin hudar ma ya tafi.

Bikin waliyyi ya zagayo. Da safe Demetrio yana zaune a bayan madafa yana wasa adda, ba don yana da abin sara ba, sai don kada ya je inda ake kiɗa. Fidelia ta fito cikin kwalliya, ta taje gashinta ya zubo ta dama. A kunnen hagu ɗan kunnen zinariya yana lilo. Ta tsuguna a gabansa ta buɗe hannu, ga ɗayan.

“Baba, ka riƙe wannan. Ni ba ni da inda zan sa shi. Ka yi haƙuri, ka sha wahala ka saya mini, ga shi ɗaya kawai zan mora.”

Addar ta faɗi daga hannunsa. Wata da watanni yana guje wa maganar, yau yarinyar da ya cuta ita take ba shi haƙuri.

“Fidelia, mutumin da kika tambaya, wanda ya tone ganyen. Yana da 'ya. Ni ne. Da saiwar na sayi waɗannan.”

Ba ta razana ba, ba ta kuma janye hannunta ba.

“Na sani, Baba. Tun ranar da Kaka Bartolo ya buɗe ƙunshin na gane shi. Ba ni na share shi ba? A nan wurin da kake zaune. Kwando uku. Na yi ta lissafawa a raina, ko kwando ɗaya mutum nawa zai isa. Na kasa.”

Ta ɗora masa ɗan kunnen a tafin hannu, ta naɗe masa yatsunsa a kai, ta tashi ta bi sautin marimba tana gyara gashinta ta dama.

Kawu Bartolo ya rasu damina biyu bayan haka. Yanzu Demetrio ne yake zuwa bakin kogo, gindin rimi da idon ruwa kuwa har yau ba su farfaɗo ba. Masu ciwo sun fi ganyen yawa, wasu dole yake ce musu su jira, yana kallon ƙasa. In ka gan shi a hanyar daji da ƙunshin ayaba, duba wuyansa, akwai zare da ɗan kunne guda ɗaya a jiki. Ya taɓa neman mutumin nan na ƙauyen gangare don ya roƙe shi gafara, aka ce masa ya bar garin, ba a san inda ya koma ba.

Darasi: Abin da ka tarar ana ɗiba kaɗan-kaɗan ana barin saura, kada ka ɗauka waɗanda suka riga ka wawaye ne, don kai da 'ya'yanka suke barin sauran. Kada kuma ka yi wa ciwon wani dariya, ba ka san ƙofar da zai ƙwanƙwasa gobe ba. Tuba tana da kyau, amma ba kullum take dawo da abin da gaggawa ta cinye ba. Ku tura wa 'yan uwa da abokai, wataƙila akwai mai riƙe da diga yanzu haka da zai karanta ya ajiye.